Bayan An Kwance Igiya

Hausawa sun ce tsalle ɗaya a ke yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fita ba. Babu inda wannan karin magana ya fi zama daidai kamar a kan mutanen da aka yi fataucinsu, Allah ya yi musu gyaɗar dogo suka kuɓuta, suka komo gida. Mu da mu ke gefe mukan ga hotonsu a jarida suna saukowa daga jirgin sama, kowa da 'yar jakarsa, sai mu ce alhamdu lillahi, wahala ta ƙare. Ni kuwa da na zauna da waɗansu daga cikinsu, na ga ashe saukowa daga jirgin nan ita ce tsalle na fari. Sauran tsallen a cikin unguwa a ke yin su, a gaban iyaye da maƙwabta da masu bin bashi, kuma wanda bai sami mai miƙa masa hannu ba, sau da yawa rijiyar ya ke komawa. Abin da na ke so mu tattauna ke nan, ya ku 'yan'uwana da kuka sauke karatun ajin manya.

Bari mu fara da sanin abin da a ke nufi da fataucin mutane, don kada mu gama shi da ci-rani. Ɗan ci-rani da ƙafarsa ya tafi, da ƙafarsa zai komo, abin da ya samu kuwa nasa ne. Wanda aka yi fataucinsa, yaudararsa aka yi, ko aka tsorata shi, ko aka sayi yardar iyayensa da 'yan kuɗi, aka kai shi inda zai yi wa wani bauta, ba shi da ikon ya ce ya gaji zai tafi. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye aka kawo birni aikatau, dillaliya na karɓe ladanta kowane wata, tana cikin wannan. Matar da aka ce za a kai ta Saudiyya aikin gida da albashi mai tsoka, da isarta aka karɓe fasfonta aka kulle ƙofa, ita ma tana ciki. Haka saurayin da ya bi ta Damagaram zuwa Agadas, ya ratsa Dirku ya faɗa Sabha ta ƙasar Libiya, aka tura shi wurin da matafiya su ke kira gidan bashi, inda a ke dukan mutum a kira iyayensa ta waya su ji kukansa, don su aiko da kuɗin fansa.

Waɗannan al'amura ba tatsuniya ba ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 cikin hamada a arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara daga kudancin Nijar, motocinsu sun mutu a kan hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta gama da su. A watan Nuwamba na 2017 kuma gidan talabijin na CNN ya nuna wa duniya hoton yadda a ke gwanjon samari baƙar fata a Libiya, a kan dala 400 mutum guda. Tun a shekarar nan ta 2017 hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a ke kira IOM, ta yi ta kwaso 'yan Nijeriya dubbai daga Libiya tana komo da su gida.

To, an komo da su. Sai me?

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce a ƙasarmu. A 1901 Gwamna Lugga ya yi shelar hana kamun bayi da cinikinsu a Arewa, aka ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar nan ɗa ne. Amma bauta ba ta mutu ran nan ba, sai a 1936 aka soke ta ɗungum a doka. Me ya jawo wannan jinkiri? Babban dalili shi ne bawa da yawa ya duba, ya ga in ya bar gidan ubangijinsa ba shi da gona, ba shi da jari, ba shi da dangi kusa, sai ya zauna inda ya ke. Waɗanda suka fi saurin tsayawa da ƙafarsu su ne masu murgu, watau bayin da aka bari su yi sana'ar kansu suna biyan wani abu, har su tara su fanshi kansu a gaban alƙali. Su sun fita da sana'a a hannu, sun san kasuwa, kasuwa ta san su. Yara kuwa da aka ƙwato daga hannun fatake, waɗanda ba su san hanyar garinsu ba, an buɗe musu gidajen 'yantattu a Zungeru da Barno wajen 1904, daga baya aka yi wani a Rumasha a 1909, a na koya musu ɗinki da wanki da sassaƙa da aikin lambu. Ko mutanen wancan zamani sun gane cewa kwance igiya daban, ba mutum abin da zai ci daban.

A zamaninmu an yi dokoki masu kyau. A 2000 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Palermo ta ƙasar Italiya don yaƙi da fataucin mutane. A 2003 Nijeriya ta kafa hukumar NAPTIP, aka sabunta dokarta a 2015. Dokar nan ta ce wanda aka yi fataucinsa abin tausayi ne, kada a tsare shi ko a hukunta shi saboda abin da aka tilasta shi ya yi, kuma a rufa masa asiri. Hukumar tana da gidajen saukar waɗanda aka ceto a garuruwa kamar Abuja da Ikko da Bini da Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda a ke ba su abinci da magani da nasiha, a nemo danginsu, a fara koya musu sana'a. Zaman da a kan yi a irin gidajen nan bisa ƙa'ida kamar mako 6 ne. Nijar ita ma ta yi dokarta a 2010, aka buɗe gidan farko na saukar irin waɗannan mutane a Damagaram a 2019. IOM kuwa takan koya wa waɗanda ta komo da su dabarun ciniki, ta saya musu kayan fara sana'a. Duk wannan aikin alheri ne, Allah ya saka wa masu yinsa. Amma mako 6 kwana 42 ne kurum, rayuwa kuwa tana da tsawo. In kwanakin nan suka cika, mutum gida zai tafi, a gida kuwa akwai abin da ke jiransa.

Abu na fari da ke jiransa bashi ne. Da wuya ka ga wanda ya yi irin tafiyar nan da kuɗin aljihunsa. Ko an jinginar da gona, ko an sayar da shanun huɗa, ko uwa ta kwashi adashi, ko an ranto wurin wani attajiri. In kuma an faɗa gidan bashi, an sake ranto na fansa. Gidan duka sun zuba ido suna jiran riba, sai ga shi ya komo hannu rabbana.

Ni malamin ajin manya ne a wata unguwa ta bayan badala a Kano, ƙanwata kuma tela ce, tana da 'yan mata masu koyon ɗinki a gidan mijinta. Wata rana aka kawo mata wata bazawara mai 'ya'ya biyu, wadda ta yi shekara biyu a ƙasar Larabawa tana aikin gida ba a biya ta ko na wata shida ba. Da ta komo, wata ƙungiya ta koya mata ɗinki na 'yan makonni, aka yi biki, aka ɗauki hoto, aka ba ta keken ɗinki sabo fil. Ba a yi wata biyu ba keken ya tafi kasuwa. Mutane suka yi ta zaginta, wai ba ta da godiya. Da na je gaishe da ƙanwata na iske ta, bayan mun gaisa na tambaye ta dalili. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya gafarta Malam, wanda ya ranta wa Baba kuɗin tafiyata kullum yana ƙofar gida, har ya ce zai kai shi gaban alƙali. Ni kuwa ɗinkin da na iya bai wuce zane da ɗankwali ba, a layinmu kuma tela huɗu ne, kowa da masu kawo masa. In zauna ina kallon keke a ɗaki a ɗaure mini uba?" Na rasa abin da zan ce mata, don kuwa lissafinta daidai ne. An ba ta keke, amma ba a tambayi nawa a ke bin ta ba, ba a kuma duba ko unguwar tana bukatar tela na biyar ba.

Abin da ƙanwata ta yi ba wani abin mamaki ba ne, irin abin da iyayenmu suka saba yi ne. Ta ce da ni, "Yaya, ka je ka ga mai unguwa." Muka je da uban matar, mai unguwa ya kira mai bin bashi da liman, aka zauna a zaure. Aka yi ta ba shi baki har ya yafe abin da ya ɗora a kan uwar kuɗin, ya kuma yarda a biya sauran kaɗan kaɗan kowane wata. Na rubuta takarda, kowa ya sa hannu. Ƙanwata ta zaunar da matar a kan ɗaya daga kekunanta, tana ba ta aikin haɗa kayan makaranta na yara, tana biyanta ladan kowace riga, tana gyara mata hannu. Ta sa ta cikin adashin matan gidan. Bayan shekara guda da 'yan watanni ta kwashi adashi ta sayi keke na hannu, tsoho, amma da guminta. Wannan keken ba wanda ya isa ya sa ta sayar da shi.

Abu na biyu da ke jiran wanda ya komo shi ne bakin mutane, shi kuwa ya fi bashi ciwo. Namiji a ce ya tafi neman arziki ya komo da tsumma. Mace kuwa abin ya fi muni, don ko aikin wanke-wanke ta yi, sai an sami mai cewa ai an san abin da ta je yi. Matan unguwa su daina sayen abincinta, masu neman aure su janye, a hana yara shiga ɗakinta. In ko da gaske an tilasta ta ga alfasha, to, ina laifin wanda aka ɗaure aka yi wa fashi? Laifi na ɗan fashi ne. Dillalan nan sun san wannan hali namu sarai, da shi su ke cin kasuwa. Sun san wadda aka ƙi a gida ba ta da wuyar komawa, sai su sake zuwa mata da zaƙin baki, su ce wancan karon rashin sa'a ne, wannan gidan da za a kai ta mutanen kirki ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Har waɗansu da aka ceto su kan koma su zama dillalai da kansu, don ita ce kaɗai hanyar da suka sani ta samun kuɗi.

Maganar manya tana da nauyi a nan ƙwarai. A ƙasar Bini, inda aka daɗe a na kwasar 'yan mata zuwa Italiya, masu fataucin su kan kai yarinya wurin boka ta yi rantsuwa cewa ba za ta gudu ba, ba za ta tona asiri ba, sai ta biya bashin da aka ɗora mata. Tsoron rantsuwar nan yakan bi yarinya har bayan an cece ta. A watan Maris na 2018 Sarkin Bini, Oba Ewuare na Biyu, ya tara bokayen ƙasarsa a fada, ya warware dukan irin wannan rantsuwa, ya kuma la'anci duk wanda ya sake ɗaura wa wata. Da magana ɗaya ya sauke wa 'yan mata da yawa kayan da ɗan sanda ba ya iya sauke musu. Mu ma muna da sarakuna da hakimai da limamai. Ran da liman ya hau mumbari ya ce wadda aka zalunta 'yarmu ce, mai yi da ita yana cin naman 'yar'uwarsa, ran nan rabin gulmar unguwa za ta mutu.

Akwai kuma ciwon da ba a gani da ido. Wanda ya ga an binne abokan tafiyarsa a cikin rairayi, ko ya yi wata da watanni a na dukansa da bulalar roba, ba ya komowa yadda ya tafi. Wani ba ya barci, wani da an ɗaga murya sai jikinsa ya ɗauki rawa, wani ya zama mai saurin fushi, wani kuma ya faɗa shan ƙwaya don ya manta. Wannan ciwo ne kamar sauran ciwo, likitoci sun san shi, yana kuma da magani. Addu'a da asibiti ba sa faɗa da juna, a haɗa su. Abin da ya wajaba mai koyar da sana'a ya sani shi ne irin wannan almajiri yana bukatar haƙuri fiye da sauran.

Na ga haka ga wani saurayi da ya shigo ajina bayan ya komo daga Libiya. Wata uku yana zama a can baya, bakin ƙofa, ba ya yarda kowa ya zauna a bayansa. A cikin ajin akwai wani dattijo mai walda, shi ma yana koyon karatu da furfurarsa. Shi ya lura da yaron, ya ce masa, "Ɗana, gobe ka zo rumfata, ina neman mai riƙe mini ƙarfe." Bai tambaye shi labarin Libiya ba ko sau ɗaya. Yana ba shi abincin rana da kuɗin mota, ran da bai zo ba ya aika a dubo shi, ba zagi ba gori. Ya hana sauran yaran rumfa kiransa da sunan tsokana. Da aka yi shekara biyu yaron ya iya ƙofa da taga da gadon ƙarfe, dattijon ya yaye shi, ya ba shi tsohuwar na'urar walda, ya kuma riƙa tura masa ƙananan ayyukan da suka yi masa yawa. Wata rana yaron ya ce mini, "Malam, ka san abin da ya warkar da ni? Ran da Baba ya ba ni mabuɗin rumfa ya tafi Juma'a." Watau an amince da shi, shi da aka taɓa sayarwa kamar akuya.

Daga waɗannan biyu na fahimci yadda taimako mai amfani ya ke. A fara tambayar mutum abin da ya iya da abin da ya ke so, don wani kafin ya tafi manomi ne, wani makaniki, wata mai tuya ce, ba kowa za a tura ɗinki da yin sabulu ba. A duba kasuwar garin, a ga abin da a ke nema ba a samu. A san bashin da ke kansa, a zauna da masu shi, in ba haka ba duk jarin da aka ba shi aljihunsu zai tafi. A haɗa shi da maigida na gari wanda zai koya masa a hankali, don sana'a ba ta shiga hannu a mako biyu. Gwamnati ma ta san darajar wannan tsohuwar hanya, shi ya sa hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1986, ta yi shirin tura matasa wurin masu sana'a su koya a rumfunansu. A ba shi abin da zai ci yayin da ya ke koyo, don mai jin yunwa ba ya jiran shekara. Bayan an yaye shi kuma a riƙa leƙa shi, kada a ce an gama da ranar ɗaukar hoto.

Kada kuma a manta da haƙƙinsa a kan wanda ya cuce shi. Ku tuna da Hadizatu Mani ta ƙasar Ƙonni a Nijar, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12, a kan sefa 240,000. Ta yi shekara tara a na bautar da ita. Da ta sami kanta ta auri wanda ta ke so, sai aka ɗaure ta wai ta yi aure kan aure. Ƙungiyar Timidria da waɗansu lauyoyi suka tsaya mata, har a watan Oktoba na 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta umurci a biya ta sefa miliyan 10. Kuɗin nan ba sadaka ba ne, diyya ce. Dokar Nijeriya ta 2015 ita ma ta ba wanda aka yi fataucinsa ikon neman diyya daga wanda ya cuce shi. Guminsa aka ci, yana da ikon ya bi sawunsa.

To, ku da kuka iya karatu da rubutu yanzu, kuna da rabo babba cikin wannan aiki. Yawancin waɗanda aka yaudara, takarda aka miƙa musu suka dangwala yatsa ba su san abin da ke ciki ba. In aka kawo wa maƙwabcinka takardar aiki a ƙasar waje, karanta masa, ka tambayi sunan kamfanin da lasisinsa, da nawa ne albashi, da wanda zai riƙe fasfo. In abin ya yi maka duhu, ku je ofishin NAPTIP ku tambaya kafin a sayar da gona, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya komo kuwa, jawo shi aji. Mai sana'ar da bai iya rubuta abin da ya saya da abin da ya sayar da wanda ya ci bashinsa ba, jarinsa a rairayi ya ke zubawa. In kana da rumfa, ɗauki ɗaya. In kina da adashi, sa ta ciki. In ba ka da ko ɗaya, sayi ƙosanta, kai masa gyaran kekenka, ka kuma kame bakinka daga tambayar abin da bai ga dama ya faɗa ba. Masu fid da zakka su tuna cikin waɗanda aka yanka wa rabo akwai bayi masu neman fansa, akwai waɗanda bashi ya danne, akwai matafiyin da guzuri ya yanke masa. Mutanen nan da mu ke magana a kansu sun taɓa kowane ɗaya daga ukun.

Hukuma tana iya kama dillali, tana iya aiko da jirgi, tana iya ba da masauki na mako 6. Amma hukuma ba ta zama maƙwabcin mutum, ba ta zuwa sunan ɗansa, ba ta ba shi mabuɗin rumfa. Wannan namu ne, mu mutanen unguwa, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Allah ya komo da na nesa lafiya, waɗanda suka komo kuma ya ba mu ikon riƙe su da mutunci, amin.